Bel Ɗin Mota Ba Ya Cinyewa Banza

A cikin kayan mota duka da wuya a sami abin da aka raina kamar bel ɗin da ke juya altaneta, wanda makanikai ke kira fambel. Ɗan zoben roba ne mai zare a ciki, kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba, amma ranar da ya tsinke sai mota ta nemi gefen hanya. Inji yana juya babban fulin da ke ƙasa, bel ya ɗauki wannan juyi ya kai wa altaneta, ita kuma ta ba da wutar da ke cika batir. A motoci da yawa shi ne kuma ke jan famfon ruwa da famfon sitiyari da kwamfuresan AC. In ya tsinke maka da dare tsakanin Zariya da Funtua, jar fitilar batir za ta kama, sitiyari ya yi nauyi, allurar zafi ta fara hawa.

Bel mai kyau, in an ɗaura shi daidai, yakan yi shekaru yana aiki, ya ci dubban kilomita. Saboda haka in naka ya cinye cikin wata biyu ko uku, akwai abin da ke cin sa. Mu kuwa abin da muka saba shi ne mu zagi mai shago, mu sayi wani, mu ɗaura a kan ciwon da ya kashe na farko. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Ni kaina na yi wannan wauta. Wata shekara na kai altanetata wurin mai wayarin aka yi mata gyara aka mayar. Daga nan bel uku na saya cikin wata huɗu. A karo na uku wani dattijon makanike ya ga yaronsa zai wurgar da tsohon, sai ya daka masa tsawa: "Kai, kawo shi nan!" Ya juya shi a hannu, ya nuna mini gefe ɗaya ya zaizaye har zare ya fito kamar gezar tsohon bargo, ɗaya gefen kuwa lafiya lau. Ya ce, "Malam, wannan ba tsufa ya yi ba, goga shi ake yi." Ya ɗauko miƙaƙƙen ƙarfe ya kara a fuskar fulin inji da na altaneta, sai ga tazara a gefe ɗaya, farce yana shiga. Ashe wani ɗan washa mai kauri da ke zama tsakanin altaneta da mazauninta ne aka manta ba a mayar ba, ta karkace kaɗan. Ƙarfen da bai kai kuɗin shayi ba, shi ya ci mini bel uku.

To, abin da za a koya a nan shi ne tsohon bel shaida ne, kada a yar da shi sai an tambaye shi. Amma kafin ka kai hannu, kashe mota, zare makulli ka sa a aljihu. Mai babbar riga ya tuɓe ta ya ajiye, domin fuli ba ya sakin abin da ya kama, wasu fankokin lagireto kuma sukan tashi da kansu ko inji yana kashe.

In ka ga cikin bel ya yi sumul yana ƙyalli kamar an goge shi da mai, ya kuma yi tauri, to santsi yake yi a kan fuli, wato ya saki. Shi ne mai ihun nan da safe in an tayar da mota, ko in an kunna AC da manyan fitilu. Santsi na kawo zafi, zafi na gasa roba. A motar da ake ɗaure bel da hannu, danna tsakiyar inda ya fi tsawo da babban yatsa. Ya kamata ya lotsa kamar santimita 1. In ya zarce haka sosai, a ƙara ɗaurewa. Sai dai wasu yaran gareji, don gudun a dawo musu da ƙorafi, sukan sa dogon ƙarfe su banƙare altaneta har bel ya zama kamar tsirkiyar baka. Ihu ya ɗauke, mai mota ya tafi yana murna, bayan 'yan makonni boris ɗin altaneta ko na famfon ruwa ya fara gurnani. Gyaran boris kuwa ya ninka kuɗin bel.

In roba ta kumbura ta yi laushi tana danƙo, baƙin mai ne ke ɗiga a kanta, galibi daga sil ɗin gaban inji ko murfin sama, ko kuwa man sitiyari. Sai an toshe yoyon, an wanke fuli-fulin tas, sannan a sa sabo. A nan ne zan ja kunne game da wata al'ada da ta zama ruwan dare: a goga wa bel sabulu, ko a ɗiga masa man birki ko giris don ya yi shiru. Zai yi shirun na yini ɗaya, amma an ƙara masa santsi ne, an kuma rage masa kwana.

Akwai gwajin da ba ya cin ko kwabo. A tayar da mota, a tsaya nesa kaɗan, a fesa ruwa zalla a cikin bel. In ƙarar ta ƙaru, bel ya saki. In ta ɗauke na ɗan lokaci sannan ta dawo tana tsit-tsit kamar kukan ɗan tsako, fuli-fulin ba su kan layi ɗaya.

Motocin da ke da dogon bel guda mai layi-layi suna da tenshina, wato ƙaramin fuli mai sifirin da ke riƙe bel da kansa. Shi ma yana gajiya. Dube shi inji na aiki: in hannunsa yana rawa da ƙarfi, ko ya jirkice gefe, ya gama. In an cire bel, a juya kowane fuli da hannu, a saurara, a girgiza shi. Wanda ke ƙarar yashi ko yake lilo, boris ɗinsa ya tafi. A duba ramukan fulin kuma, domin ƙurar hunturu da taɓon damina da tsatsa sukan daskare a ciki su riƙa kankare roba, har ka ga baƙin gari a jikin altaneta.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi shi ne, fulin altaneta a motocin zamani da dama, musamman masu shan gas, ba dunƙulen ƙarfe ba ne. Yana kamawa in an juya shi gefe ɗaya, yana sakewa a ɗaya gefen, don ya shanye fizgar inji. In ya ƙage, ko aka musanya shi da dunƙulalle don neman araha, sai bel ya riƙa kaɗawa yana dukan tenshina. Haka nan batirin da ya mutu yana wahalar da bel, domin altaneta ba ta hutawa, kullum tana jan nauyi. A sa mita a kan batir: mota a kashe a ga kamar bolt 12.6, inji na aiki kuwa tsakanin 13.5 da 14.5.

Sai batun saye. In za ka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, tafi da lambar da ke bayan bel, kada ka ce a ba ka "irin wannan". Lamba kamar 6PK1750 na nufin layi 6 ne, tsawonsa milimita 1750. Bel mai layi 5 zai hau fuli mai rami 6, mota ta tashi, amma an rage masa ƙarfin riƙo. A tsofaffin motoci masu bel mai siffar V, gefunansa ne ke kama fuli. In ka ga ƙasan ramin fulin ya yi ƙyalli, ko bel ɗin ya yi siriri ko fulin ya cinye. Kada kuma rashin tsagewa ya ruɗe ka. Robar da ake yin bel da ita yanzu, wadda ake kira EPDM, ba ta cika tsattsagewa ba. Layukanta ne ke sirancewa a hankali har ramukan su yi zurfi.

Wajen ɗaurawa, kada ka yarda a cusa bel da sukudireba a murɗa inji ya haye da ƙarfin tsiya. Zaren ciki yana tsinkewa ba a gani. A sassauta noti ko a danne tenshina, a zaunar da kowane layi a raminsa, a leƙa fulin ƙasa da fitila a tabbata bai hau baki ba. Sabon bel da aka ɗaure da hannu yakan ɗan saki bayan ya yi aiki, don haka koma gareji bayan kwana uku ko huɗu a sake danna shi da yatsa. Tsohon kuma, in bai tsinke ba, naɗe shi ka jefa a but tare da sifana, ko zai kai ka gari na gaba.