Yadda Ake Zaɓen Wayar Adana Salsalar Dangi a Ƙasar Kazaure

Salsalar dangi ita ce jerin wane ya haifi wane, wa ya auri wa, daga ina aka taso kuma ina aka yada zango. A ƙasar Kazaure, da Roni da Gwiwa da ke cikin masarautarta, da Babura da ke ƙarƙashin masarautar Ringim, akasarin wannan ilimi a kan tsofaffi yake, musamman kakanni mata da gwaggwanni. Gidan sarauta ne kaɗai ke da jeri rubutacce da kowa ya sani, tun daga Ɗantunku da ya kafa masarautar Kazaure a 1819, da ɗansa Dambo da ya gaje shi a 1824, har zuwa Sarki Najib Hussaini Adamu da ya hau a 1998. Gidan malamai kan sami takardar ajami a cikin gafaka. Sauran jama'a kuwa, in tsohuwar gida ta rasu, rabin labarin ya bi ta. Wayar hannu ta zamani tana iya ɗaukar muryar tsohuwar, ta ɗauki hoton takardar, ta kuma jera sunayen a manhaja, amma ba kowace waya ce ke yin ukun yadda ya kamata ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi waya tukuna, sannan a nemi abin da za ta iya. Ana farawa ne da auna aikin. Mai son jera 'ya'ya da jikokin kakansa ɗaya, mutum ɗari ko biyu, kusan kowace wayar Android za ta ishe shi, domin sunaye da shekaru rubutu ne, rubutu kuma ba ya cin wuri: salsalar mutum dubu da yawa ba ta wuce 'yan megabait. Wanda zai riƙa zagaya ƙauyukan Roni da Gwiwa yana zama da dattawa, shi murya da hoto ne kayansa. Murya da aka naɗa da inganci matsakaici tana cin kimanin megabait ɗaya a minti guda, hoto ɗaya kan ci biyu zuwa biyar, bidiyo kuwa shi ne mai cinye rumbu. Wannan lissafi shi ke nuna girman ma'ajiyar da za a nema.

Sai zaɓen manhaja, kuma a nan ake daɗewa, don ita ce ke yanke irin wayar. Tambaya ta farko da ake yi wa kowace manhaja ita ce ko tana iya fitar da bayananta a tsarin GEDCOM. Wannan wani tsarin fayil ne da cocin Mormon na Amurka ya ƙirƙiro a 1984 domin manhajojin salsala su riƙa musayar bayanai, an kuma fitar da sabon zubinsa na 7.0 a 2021. Muhimmancinsa ya fito fili da tarihin na'urorin kansu. Bayan fitowar Palm Pilot a 1996, masu binciken asali a Turai da Amurka sun riƙa yawo da 'yan kwamfutocin aljihu masu manhajoji irin su GedStar da Pocket Genealogist. Na'urorin nan duk sun kau, kuma wanda ya fitar da aikinsa a GEDCOM shi ya ƙaura da shi cikin sauƙi zuwa na'ura ta gaba. Waya a hannun matashi ba ta cika wuce shekara uku ko huɗu ba, salsala kuwa don jikoki ake rubuta ta.

Tambaya ta biyu ita ce ko manhajar tana aiki ba tare da intanet ba. A cikin garin Kazaure sabis ba matsala ba ne, amma a bayan duwatsun Roni ko a rugagen da ke nesa da titi yana ɗaukewa, a wasu ƙauyukan Babura na bakin iyaka kuma waya kan kama layin Nijar. Family Gem, wadda ake samu a wayoyin Android, tana ajiye komai a cikin wayar, tana karɓar GEDCOM tana kuma fitar da shi. FamilySearch kyauta ce, sai dai bishiya ɗaya ce ta duniya baki ɗaya: sunan mamaci da aka shigar kowa na iya gani har ya gyara, na masu rai ne kawai ke ɓoye, kuma ba ta fitar da GEDCOM kai tsaye. Mallakar cocin Mormon ce, wanda ke da aƙidar yi wa matattu baftisma a madadinsu, abin da ya kamata iyali Musulmi su sani kafin su zuba sunayen kakanninsu a ciki. MyHeritage da Ancestry sun dogara ga intanet da biyan kuɗin rajista, kuma ƙarfinsu yana ga kundayen Turai da Amurka, waɗanda ba su da abin da za su gaya wa Bakazauri game da kakansa. Gramps kyauta ce kuma ta fi su zurfi, amma ta kwamfuta ce, don haka wasu kan tattara da waya su tace a kwamfuta.

Tambaya ta uku ta fi wuya, wato ko manhajar za ta ɗauki iyalin Hausa da Fulani yadda yake. An gina waɗannan manhajoji ne a kan suna da sunan dangi irin na Turawa, alhali a nan mutum yana da sunan yanka, da sunan rana irin Ɗanladi ko Jummai ko Talatu, da laƙabin da kakarsa ta sa masa, da sunan garin da makarantar boko ta liƙa masa, wani lokaci da sarautar da ta danne duka. Alkunya ma na ƙara rikita lamarin, domin uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, mace ba ta kiran sunan miji, sai a ji tsohuwa ta yi awa guda tana cewa “Malam” ko “mai sunan Malam”. Manhajar da ba ta barin a ba mutum ɗaya sunaye da yawa ba ta da amfani a nan. Haka kuma dole ta yarda namiji ya kasance da mata fiye da ɗaya a lokaci guda, kowace da ɗakinta, don a bambance shaƙiƙai da 'yan uba. Auren zumunci yana sa mutum ɗaya ya fito ta wajen uwa ya kuma fito ta wajen uba. Manhaja mai rauni sai ta mai da shi mutum biyu. Riƙo da agolanci suna buƙatar a nuna cewa wanda ya raini yaro ba shi ya haife shi ba, tun da gado bai bi ta nan ba. 'Yan'uwantakar shayarwa, wadda ke haramta aure, ba ta da gurbi na musamman a tsarin GEDCOM, sai a rubuta ta a filin ƙarin bayani na kowane ɗaya daga cikin mutanen biyu.

Shekaru ma haka. Dattijo ba zai ce 1941 ba, zai ce shekarar da Sarkin Kazaure Adamu ya hau, ko ya ce an haifi babansa a yunwar Ƙaƙalaba ta 1914, ko ya ce an yi auren ana canjin kuɗi, wanda zai iya zama na 1973 da aka koma naira ko na 1984. Manhaja mai kyau tana karɓar “wajen shekara kaza” ko “tsakanin kaza da kaza”, kuma tana da wurin rubuta maganar dattijon kamar yadda ya faɗe ta. Kalandar Hijira ba ta cikin waɗanda GEDCOM ya tanada, ko da yake Gramps tana da ita. A waya sai a sa shekarar Miladiyya a gurbinta, ta Hijira a bayani.

Bayan an tsayar da manhaja ake duba ƙarfen. Wayoyin da suka cika kasuwannin Arewa su ne Tecno da Infinix da Itel, dukkansu na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, sai Samsung da Redmi. Amfanin na farkon shi ne kowane mai gyara a Kazaure ya san cikinsu, gilashinsu da batirinsu kuma ba sa wuyar samu. iPhone tana da kyamara mai kyau, amma ba ta karɓar katin memori, Family Gem kuma ba ta hawa kanta. Ma'ajiya ta gigabait 64 tana isar mai rubutu da ɗan hoto, mai naɗar murya da bidiyo kuwa 128 ya kamata ya nema, tare da ramin katin memori. Ƙwaƙwalwar aiki, wadda 'yan kasuwa ke kira ram, kada ta gaza gigabait 4 na gaske. A nan akwai wayo a jikin kwali: in an rubuta 4+4, huɗun farko ne na gaske, na biyun aro ne daga ma'ajiya. Ƙananan wayoyi masu Android Go suna da araha, sai dai bishiya mai rassa da yawa kan sa su tsaya cak, araha kuwa ba ta ado.

Batir ya fi kyamara muhimmanci a wannan yanki. Wutar KEDCO ba abin dogaro ba ce a ƙauye, kai waya wurin mai caji kuma yana nufin barin sirrin dangi a teburin wani. Batir mai 5000 mAh, da fawa bank ko ƙaramin faifan sola, suna isar yini guda na hira. Zafin bazara, da kan haura digiri 40, yana kumbura batir, don haka ba a barin waya a rana ko a kan sit ɗin babur, ƙurar hunturu kuma tana toshe ramin caji da na makirfo, sai a sa mata riga. Girman fuskar waya yana da nasa amfani: inci shida da rabi na barin a nuna wa tsoho hoto ya gane fuskar, kwamfutar hannu mai faɗi ta fi daɗin kallon bishiya a taron dangi, amma ta fi wuyar ɗauka a hanya. Kyamara kuwa, yawan megafiksel ba shi ne ma'auni ba. Abin nema shi ne ta iya kama ƙananan haruffa daga kusa a cikin hasken zaure.

Wajen saye, mutanen yankin kan sayi waya a shagunan Kazaure ko su bi titin Ɗambatta zuwa Kano, kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut. Ko a ina ne, ba a cinikin biri a sama. Ana danna *#06# a ga lambar IMEI ta dace da ta jikin kwali, a karɓi rasit mai ɗauke da lambar, musamman in wayar ta hannu ce, domin wayar sata tana jawo wa mai ita tsarewa. In ta hannu ce kuma, a tabbata mai ita na farko ya cire asusunsa na Google. Sannan a yi gwaji uku tun ana gaban mai shago. A naɗi magana ƙasa-ƙasa daga nisan zira'i biyu a saurara, don muryar tsohuwa ba ta fi haka ba. A ɗauki hoton rubutun hannu a buɗa shi a ga ko ɗigo da wasali sun fito. A sauke manhajar, a shigar da namiji ɗaya da mata uku da 'ya'yansu, a fitar da fayil ɗin GEDCOM a ga ya fita. Katin memori ma a saye shi a wurin da aka amince da shi, domin akwai jabu da ke nuna girman da ba su da shi, sai sun cika su fara cinye abin da aka zuba.

Da an dawo gida, kafin a shigar da suna ko ɗaya, ana saita allon rubutu. Gboard yana da Hausa, da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Iyali su tsayar da rubutu ɗaya su bi shi, don manhaja na iya ɗaukar Ɗahiru da Dahiru, ko Muhammadu da Mamman, a matsayin mutane dabam. Masu dangi a Magarya ko Damagaram su lura cewa a Nijar ana rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, kuma sunaye a takardun can da rubutun Faransanci suke. In manhaja ta ba da zaɓi wajen fitar da fayil, UTF-8 ake zaɓa, shi ne ke riƙe haruffan lanƙwasa da na ajami ba su lalace ba. A sa wa wayar makulli, a kuma nemi izinin dattijo kafin a naɗe shi. Akwai maganganun da kan fito a hirar asali, na bauta, ko saki, ko rigimar gona, waɗanda mai faɗarsu bai yi nufin su shiga zauren WhatsApp na dangi ba. Abin da aka rubuta a manhaja kuma ba hujja ba ce a gaban alƙali wajen rabon gado, shaidu ake nema. Saboda haka kowane bayani a rubuta wanda ya faɗe shi da ranar da ya faɗa.

Matakin ƙarshe shi ne kwafi. Bayan kowace fita, ana fitar da fayil ɗin GEDCOM, a haɗa shi da muryoyi da hotuna, a ajiye a wuri uku: katin memori ko filashi da ke gida, asusun Google wanda ke ba da gigabait 15 kyauta, da wayar wani ɗan'uwa a wani gari. In za a tura hoton takarda ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, domin in an tura shi a matsayin hoto manhajar tana matse shi har ƙananan haruffa su dushe. Asusun Google galibi yana rataye ne da lambar waya, layin da aka daɗe ba a yi amfani da shi ba kuma kamfani na sake sayar da shi, don haka a rubuta adireshin asusun da kalmar sirrinsa a takarda a ba wani amintacce a gidan. Sau ɗaya a shekara, galibi kafin babbar Sallah da dangi ke taruwa, ana kai fayil ɗin shagon kwamfuta a buga jerin a takarda, a karanta wa dattawa su gyara, a mayar da gyaran cikin waya, a ajiye bugaggen a akwatin takardun gida.