Darasi Daga Otal Ɗin Hyatt: Yadda Ƙaramin Canji A Zane Ya Ci Rayuka 114

Darasinmu na yau ya shafi duk mai sa hannu a kan aiki, injiniyan gini ne ko mai rubuta manhaja kamar ni.

Abin da ya faru

Ranar 17 ga Yuli, 1981, ana tsakiyar bikin rawa a otal ɗin Hyatt Regency da ke birnin Kansas a Amurka, gadoji biyu na tafiya da aka rataye a cikin babban zauren otal ɗin suka rufto kan jama'a. Mutum 114 suka rasu, sama da 200 suka jikkata.

Ina kuskuren yake?

Gadar hawa na huɗu tana saman ta hawa na biyu. A zanen farko, dogon rodi ɗaya ne zai sauko daga rufi ya riƙe su duka. Kamfanin da ke haɗa ƙarafunan ya ga hakan zai yi wuya, sai ya raba rodin biyu: ɗaya ya riƙe gadar sama, ɗayan kuma ya rataye gadar ƙasa a jikin ta sama.

Ka ɗauki guga biyu cike da ruwa. Idan kowanne an ɗaure shi a igiya, marikinsa nauyin kansa kawai yake ɗauka. Idan ka rataye na biyu a jikin na farko, marikin na farko ya ɗauki nauyi ninki biyu. Haka mahaɗar gadar sama ta kasance. Ga shi kuma bincike ya nuna ko zanen farkon bai cika ƙa'idar ginin birnin ba.

Injiniyoyin aikin sun amince da sabon zanen ba tare da sun sake lissafi ba. Daga baya hukumar jihar Missouri ta ƙwace lasisinsu, domin alhaki yana kan wanda ya buga hatimi.

Me za mu ɗauka?

1. Babu ƙaramin canji. Duk gyaran da aka yi wa zane, a sake lissafinsa daga tushe.
2. A rubuta komai. Amincewa ta waya ko WhatsApp ba ta isa ba. A san wa ya nemi canjin, wa ya duba, a wace rana.
3. Kowane zane ya ɗauki lambar bugu da kwanan wata, kada ma'aikaci ya yi aiki da tsohon kwafi. Mu masu manhaja wannan ne amfanin Git a wajenmu.
4. Wanda ya zana kada ya zama shi kaɗai ne mai dubawa.

Idan abokin aikinka ya turo maka gyara a GitHub, kada ka danna amincewa don kunya ko sauri. Karanta shi layi-layi. Abin da ba ka fahimta ba, ka tambaya kafin sunanka ya hau kansa.