Kafin a Ɗora wa Tsohon Ƙaho Laifi, a Duba Wutsiyar Bakinsa

Mai gyaran kayan busa na tagulla ya saba da ƙorafi guda daga 'yan badujala da makaɗan majami'u: an sayo tsohon yufoniyam na gwanjo, jikinsa lafiya lau, amma sautinsa ya ƙi daidaita da na sauran. Sau da yawa ƙahon ba shi da laifi. Matsalar tana wutsiyar bakin busa, wato siririn bututun da ake zurawa cikin kayan.

A tirombon da yufoniyam, wutsiyar iri uku ce. Ƙarama tana da kaurin kusan milimita 11 a ƙarshenta, babba kusan 12 da rabi. Ta ukun, wadda ake kira ta Turai, tana tsakaninsu, kuma ita ce ke rikita mutane. Yufoniyam ɗin Besson da na Boosey & Hawkes da aka ƙera a Ingila kafin tsakiyar shekarun 1970 ita suke ɗauka. In aka sa musu ƙarama sai ta nutse tana girgiɗi, iska na zurarewa. Babba kuwa da ƙyar take shiga, ta tsaya a waje, sauti ya yi ƙasa. Shi ya sa kamfanin Denis Wick ke bambanta bakunan busa da yake ƙerawa da harafi: 4AL babba ce, 4AM matsakaiciya.

Tirombon ɗin Conn 88H, wanda ya fito a 1954 a Elkhart ta Amurka, nasa daban ne. Tsofaffinsa suna ɗaukar wutsiyar Remington, sunan malamin tirombon Emory Remington. Kaurinta na babba ne, amma sirancewarta ba irin ta zamani ba ce, don haka bakin yau yana shiga, sai dai ba ya zama daram. Haka tsofaffin tuba na Ingila, ƙofarsu da ake zura wutsiya ta fi ta yanzu ƙanƙanta.

Adafta tana taimako, amma ta fuska ɗaya kawai: ta sa ƙaramar wutsiya ta zauna a babbar ƙofa. Ba ta iya akasin haka. Kuma in ta turo bakin waje, sai an gyara bututun saita sauti.

Abin da ya fi ɓata wa mai gyara rai shi ne dabarun gaggawa. Wani ya naɗe wutsiya da salatif, wani ya buga ta da tafin hannu har ta maƙale, sannan a kawo filaya a murɗe bututun gaba ɗaya. Gyaran nan ya fi kuɗin sabon baki nesa ba kusa ba, alhali akwai na'urar zare baki da ke cire shi ba tare da rauni ba.

Don haka shugabannin ƙungiyoyin busa, kafin ku sayi baki, ku tafi da ƙahon a gwada. Wutsiyar da ta dace tana shiga kusan santimita 2 da rabi, ta zauna ba motsi, ta fita da murɗawa kaɗan.