Mafi Ƙarancin Albashi da Dokar Ƙwadago a Nijeriya: Fagagen Bincike ga Ɗaliban Digiri na Uku

1.0 Gabatarwa

Nijeriya ta kafa dokar mafi ƙarancin albashi ta ƙasa a shekarar 1981, inda aka yanke naira 125 a wata. An ɗaga adadin zuwa naira 18,000 a 2011, da 30,000 a 2019, sannan 70,000 a 2024, bayan tsadar rayuwar da ta biyo bayan janye tallafin man fetur a 2023. Muhawara kan tsaya ne a kan adadin kuɗin. Amma tambayar da ta fi cancantar binciken digiri na uku ita ce: wane ma'aikaci dokar ta sani, wane kuma ta bari a waje?

2.0 Giɓin da ke Cikin Dokar

Dokar 2019 ta keɓe ma'aikatun da ba su kai mutum 25 ba, da masu aikin wucin gadi, da waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da suka yi, da ma'aikatan gona na lokacin damina ko girbi. Idan aka auna wannan da yadda ake aiki a ƙasar Hausa, za a ga cewa ɗan ƙodago, da mai aikin jinga, da yaron shago a Kantin Kwari, da ɗan dako a Dawanau, duk suna bayan katangar dokar.

3.0 Fagagen Bincike

Fage na farko shi ne na ma'ana. Bahaushe ya bambanta albashi da lada, da la'ada, da kuɗin jinga, kuma kowace kalma tana ɗauke da irin haƙƙin da ke tsakanin maigida da yaronsa. Tantance su zai zama tubalin fassara dokokin ƙwadago zuwa Hausa.

Na biyu shi ne kwatanci da fiƙihun Malikiyya. Babin ijara a Mukhtasar Khalil ya shar'anta sanin lada kafin aiki, kuma malamai na komawa ga ujratul misli, wato ladan da aka saba biyan mai irin wannan aiki, idan yarjejeniya ta ɓaci. Ana iya kwatanta wannan da Yarjejeniya ta 131 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1970, wadda ta ce a duba buƙatun ma'aikaci da iyalinsa tare da halin tattalin arziki.

Na uku shi ne zartarwa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya bar yanke mafi ƙarancin albashi a hannun Majalisar Tarayya, alhali jihohi ne ke biyan nasu ma'aikatan. Sashe na 254C kuma ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraren irin waɗannan ƙararraki. Hukunce-hukuncenta, tare da sulhun da sarkin kasuwa da mai unguwa ke yi, abin nazari ne.

4.0 Kammalawa

Wannan bincike na buƙatar haɗin gwiwar sashen Hausa da tsangayar shari'a, domin bayanan suna bakin ma'aikata ne, da Hausa kuma suke faɗinsu. Matuƙar ba a tattara su ba, za a ci gaba da tsara dokar da ba ta kai ga akasarin masu cin guminsu ba.