DARASI: KAZAR GIDA DA HAƘƘIN MAƘWABCI A ZONGO

Darasinmu na wannan fitowa a kan kaza yake. Wani zai ce, ina ruwan mai cinikin bijimi da kaza? To ai da wuya ka shiga gidan ɗayanmu a Asawase, Aboabo, Sawaba ko Akwatia Line ba ka tarar da kaji biyar ko goma na uwargida ko na yara ba. Kuma sau da yawa mutanen da suka shekara ashirin suna salla a sahu ɗaya, kaza ce take sa su daina gaisawa. Mu kuwa mun fi kowa sanin cewa in sa ya tsinke igiya ya yi ɓarna, mai shi ake nema. Haka kaza take, ƙanƙantarta ba ta sauke wa mai ita nauyi.

Mu fara da abin da muka karanta a makaranta. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin raƙumar Bara'u ɗan Azibu da ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, inda Manzon Allah (SAW) ya ɗora wa masu gona tsaron gonarsu da rana, ya kuma ɗora wa masu dabbobi biyan abin da suka ɓata da dare. Risala ma a kan haka ta tafi. Da wannan ne wasu ke kafa hujja su ce ai da rana kazarsu ta shiga, saboda haka ba ruwansu. Sai dai malamai sun yi bayani cewa wannan rangwame na rana na wurin da yake da gonaki da makiyaya ne, inda dabba take da filin da za a kora ta. Inda babu makiyaya, mai dabba ba shi da izinin sakinta, dare ko rana.

Yanzu a nuna mana makiyayar kaza a Asawase. Gidajen da gwamnatin Turawa ta gina a nan a shekarun 1940 an yi ta ƙara musu ɗaki a kan ɗaki, har filin da ke tsakaninsu ya koma lungu. Gida ɗaya iyali shida ko takwas, tsakar gida ɗaya, nan ake girki, nan ake wanki, nan ake shanya. Kazar da aka saka da asuba wuri uku take da shi: bola, kwata, da tabarmar da wata ta shanya gero ko masarar koko. Mai kokon nan jarinta ke nan, da shi take biyan kuɗin makarantar yara.

Akwai kuma batun tsarki, wanda mutane ba su cika lura da shi ba. A mazhabarmu ta Malikiyya kashin abin da ake cin namansa mai tsarki ne, amma da sharaɗin ba ya cin najasa. Kazar da ta wuni a kwata ta fita daga wannan sharaɗi, kashinta a kan tabarmar salla najasa ne. Haka ruwan da sakakkiyar kaza ta sa baki a ciki, an karhanta alwala da shi in akwai wani. Ke nan mai sakin kaji yana iya ɓata wa maƙwabcinsa alwala da salla bai sani ba.

Ta fuskar hukuma, tun shekarar 2012 aka cire yankinmu daga majalisar birnin Kumasi aka sa shi ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong. Majalisu suna da ikon kafa dokar hana yawon dabbobi, kuma ma'aikatan tsabta, waɗanda iyayenmu ke kira tankas, suna iya kai mutum kotu saboda ƙazanta. Ba mu son ɗan ƙungiya ya tsaya gaban alƙali a kan kaza.

To, sai maganar da ta fi kowace nauyi, wato abinci. Gaskiyar magana, yawancinmu muna sakin kaji ne don kada mu ciyar da su, maƙwabci ne yake yi mana kiwo kyauta. Ranar da ka rufe kaza, ranar cinta da shanta suka dawo wuyanka, kuma kowa ya san hadisin matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu. Babbar kaza tana cin kimanin giram 100 a yini. Kaji goma ke nan kilo ɗaya kullum, wato olonka ɗaya na masara ba zai wuce musu kwana biyu zuwa uku ba. Yi wannan lissafi kafin ka sayi ƙusa ko ɗaya. In kaji huɗu za ka iya ciyarwa, riƙe huɗu, sauran a yanka ko a sayar. Ba falke mai hankali da zai loda shanu arba'in alhali kuɗin ciyawar ashirin ne a aljihunsa.

Kuma ba dole sai tsabar masara ba. Dusar gidan niƙa, dusar masu koko, sauran tuwo da wake da shinkafa wanda bai lalace ba, duk abinci ne. Amma dusa kaɗai ba ta sa kaza ƙwai. Abin da take samu a yawo, wato ƙwari da tsutsa da ganye, sai ka maye mata shi: garin kan kifi busasshe, gara in an samu, ganyen zogale ko alayyafo a rataye ta riƙa tsattsaga. A ƙona ɓawon ƙwai ko na katantanwa a daka a zuba, don ƙwanta ya yi ƙwari. Ruwa kuwa kada ya yanke, tana shan kusan ninki biyu na abin da take ci.

Akurki ba sai mai tsada ba. Katako, ragar waya, da tsohon kwano a sama. Kada a zuba fiye da kaji uku ko huɗu a faɗin mita ɗaya tsawon mita ɗaya, cunkoso ke sa su cakar juna. A gitta musu sanda su riƙa hawa da dare. A shimfiɗa diddigar katako a ƙasa, ana samunta wajen masu aikin katako har Sokoban, a kwashe in ta jiƙe tun wari bai kai ɗakin kowa ba. Masu lambu suna son wannan taki. Kazar gida tana tashi, katanga mai ƙafa huɗu wasa ce a wurinta. Ko dai a rufe saman da raga, ko a datse dogayen gashin fiffike ɗaya, ɗaya tak, da almakashi, don ta rasa daidaito in ta yunƙura. Kada a taɓa sabon gashi mai jini a gindi, kuma a sake yi in ta canza gashi. Ɗaure ƙafa da igiya na kwana ɗaya ne ko biyu, in ya daɗe yana yanka ƙafar.

Wani abu ya shafe mu kai tsaye. Mu ne muke ɗora kwandon kaji da zabi a kan motar shanu daga Bawku, Bolga da Paga, musamman gab da salla. Ta irin wannan hanya ciwon Niyukasal yake shiga unguwa, wanda ke kashe kaji da hunturu, ka ga wuya ya murɗe, ga koren zawo. Baƙuwar kaza a ware ta mako biyu kafin ta haɗu da na gida. Akwai rigakafin da ake ɗiga wa a ido, ana maimaitawa bayan wata uku zuwa huɗu, a tambayi likitocin dabbobi da muke haɗuwa da su a Mayanka. Murar tsuntsaye ma ta shigo Gana a 2007, ta dawo a 2015 da 2021. In kaji sun fara faɗuwa da yawa a lokaci guda, kada a yanka a ci, kada a jefa a kwata, a sanar da likita.

Wanda kuma kajin wani suka dame shi, ba shi da izinin sa musu guba ko karya musu ƙafa, in ya yi zai biya, ga haɗarin yaran da ke wasa a wurin. Ya kama kazar ya kife ta da kwando, ya ba ta ruwa, ya kira mai ita ya ga ɓarnar da idonsa. In bai ji ba a gaya wa mai gidan haya, daga nan liman ko mai unguwa, kafin a ce za a fadar Sarkin Zongo ko ofishin majalisa. Dillalan da ke cikinmu, in an kira ku ƙiyasta ɓarna, ku auna hatsin da aka ci da kuɗin kasuwa na ranar, a biya a gaban shaidu biyu.