Darasi: Na'urar Suga A Damtse, Kofin Kunu, Da Hukuncin Azumi



'Yan uwa, jefi-jefi yanzu akan ga wata 'yar farar na'ura mai kama da kwabo manne a damtsen dattawanmu masu ciwon suga, har a karkara irin ƙasar Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi da Bichi. Galibi ɗa ne da ke birni yake sayo wa mahaifi ko mahaifiya. Allah ya saka musu da alheri. Sai dai sau da yawa a manna a tafi, a bar tsoho da lambobi suna hawa suna sauka a waya bai san me suke faɗa ba. Tun da maganar ta shafi rai, ta shafi azumi da tsarki, ta shigo fagenmu.

Ana manna ta ne a bayan damtse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Tana da wani siririn zare da ke shiga ƙarƙashin fata, kuma irin su FreeStyle Libre kwana 14 suke yi a sauya. Abin da za ka fara riƙewa: ba jini take aunawa kai tsaye ba, ruwan jikin da ke ƙarƙashin fata take aunawa. Shi ya sa takan yi lattin kamar minti 5 zuwa 15 bayan jini. Lambar da kake gani labarin ɗazu ne.

Ma'auni iri biyu ne. Wata na'urar takan nuna 180, wata kuma, musamman wadda aka aiko daga Ingila, ta nuna 10, alhali abu ɗaya suke nufi. Ka ninka ƙaramar lambar sau 18. A kula da wannan sosai, kada wani ya ga 10 ya ɗauka sugarsa ta zube ya kama shan zaƙi. Ga mafi yawan manya, likitoci suna son lamba ta zauna tsakanin 70 da 180 na kusan awa 17 a cikin 24. Mai juna biyu da tsoho tukuf nasu ma'aunin daban ne, likita ke tsara shi.

Sannan kibiyar da ke gefen lamba. Wallahi ta fi lambar amfani. Manomi biyu, kowa 110 da hantsi. Na farko kibiyarsa a kwance, ya ci gaba da nomansa. Na biyu kibiyarsa ta kalli ƙasa tsaye, ga shi ya sha magani ko ya yi allurar insulin, ga fartanya a hannu, ga gona da nisa daga gida: wannan yana gab da faɗuwa, ya tsaya ya sa wani abu a baki. Lamba ɗaya, hali biyu.

To mu zo kan abinci, inda na'urar ke tona asiri. Gero da dawa ni'ima ne, ba wanda ya ce a bar su. Amma dubi abin da muke yi musu: a surfe, a ba akuya dusar, a niƙa lukwi, a tace, a dama koko ko kunun tsamiya, a zuba suga cokali uku, a kwankwaɗe kafin a ci komai. Abin da aka niƙa aka mai da shi ruwa da sauri yake shiga jini. Ka duba layin na'urar bayan awa ɗaya, za ka gan shi ya miƙe kamar hasumiya. Haka fura in an cika mata suga, haka shayi da burodi, balle lemon kwalba.

Ka yi gwaji da kanka, ka rubuta a littafi. Yau ka sha kofin kunu shi kaɗai, ka duba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Gobe ka fara da kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, ko dafaffen ƙwai, ko alale, sannan rabin kofin kunun ba suga. Jibi ka ƙara da 'yar tafiya bayan cin abinci, ko da zuwa masallaci ne da dawowa. Ganye da wake da gyaɗa suna rage saurin hawan. Amma jiki da jiki akwai bambanci, abin da ya ɗaga maƙwabcinka ba lallai ya ɗaga ka haka ba, kuma don wannan aka yi na'urar.

Akwai maganar da ta yaɗu cewa tuwon alkama da acha su ne abincin mai suga, sai mutum ya saki ciki ya ci malmala uku. Malam, alkama ma hatsi ce, malmala uku malmala uku ce. Ɗanwake kuwa sunan wake gare shi, amma na talla da yawa garin rogo ko fulawa ya fi yawa a ciki.

Zuma fa? Suratun Nahli ta ambaci waraka a cikinta, mun yi imani da haka. Sai dai hakan bai cire mata zaƙinta ba, kuma ba ayar da ta ce kowa ya sha ta a kowane hali ba tare da gwargwado ba. Mai suga ya sha cokali biyu, na'urar za ta ba da shaida. Dabino ma haka: buɗa-baki da shi sunna ne, ɗaya ko biyu sun cika sunnar, ba sai an cinye ƙulli ba.

Yanzu azumi, na Ramadan ne ko na Litinin da Alhamis. Na'urar ba ta karya azumi, domin ba ci ba ce ba sha ba. Huda yatsa don awo ma ba ya karyawa. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta fitar kan azumin Ramadan a 2021 sun ce a karya azumi in lamba ta sauka ƙasa da 70 ko ta haura 300, ko in alamun galabaita sun bayyana: rawar jiki, gumi mai sanyi, jiri, ruɗewa. Ko da saura minti 20 a kira Magariba. Na san nan ne zukata ke yin nauyi, mutum ya ce ai na kusa. Ɗan uwa, Wanda ya wajabta azumi Shi ne ya yi wa mara lafiya rangwame a Suratul Baƙara, aya ta 184 da 185, kuma a aya ta 195 ya hana jefa kai cikin halaka. Malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan cewa wanda ya ji tsoron halaka ko cuta mai tsanani, shan ruwa wajibi ne a kansa. Ya sha suga kamar cokali babba ɗaya a ruwa, ya sake dubawa bayan minti 15, ya rama daga baya. Wanda likita amintacce ya tabbatar ba zai iya azumi ba har abada, babu ramuwa a kansa, sai ciyar da mudun Annabi (SAW) ɗaya a kowace rana. Mustahabbi ne a wurin Malikiyya, wajibi a wurin wasu.

Ita ma na'urar takan yi kuskure. In ka kwanta a kanta ka danne ta, takan nuna suga ta faɗi alhali ba haka ba ne. Mai kwanciya ta gefen dama, bisa sunna, gara ya manna ta a hagu. Duk sanda lamba ta saɓa da abin da jikinka ke ji, ka tabbatar da awon yatsa. Kuma kada ka rage ko ka ƙara magani da kanka. Ka kai wayar da littafinka wurin likita.

Alwala ba matsala, tun da wankin hannu a gwiwa yake tsayawa, ita kuwa tana sama. A wankan janaba ko na haila ba sai an ɓamɓare ta ba: a wanke kewayenta, a shafa a kanta, kamar yadda ake yi wa ɗaurin karaya, matuƙar lalurar jinya ce ta sa aka manna ta. Wallahu a'alam.