IDAN BIDIYO YA TSAYA A KWAMFUTAR GIDA: ABIN DA YA KAMATA A YI

A unguwannin Hausawa na Ikko, kamar Ijora da Zangon Agege da Idi-Araba, gidaje da yawa sun dogara ga kwamfuta wajen kallon tafsiri daga Kano ko Kaduna, da darussan ɗalibai, da labaran gida. Sau da yawa ana cikin kallo sai hoton ya daskare, wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa. Daga nan sai mai gida ya ɗauki kwamfutar zuwa wurin masu gyara a Ikeja, ya kashe kuɗi, alhali kuwa lafiyarta ƙalau. Wajibi ne a san ciwo kafin a sayi magani.

YADDA ABIN YAKE AIKI

Bidiyon intanet ba ya sauka gaba ɗaya. Yana zuwa ne kaɗan-kaɗan, kwamfuta tana tara na 'yan daƙiƙoƙi a gaba, sa'an nan ta nuna. Misalinsa kamar randa ce wadda mai ruwa yake zuba mata, mutanen gida suna ɗiba. Idan ɗiba ta fi zubi, randa za ta ƙafe, dole a jira. Saboda haka tsayawar bidiyo tana nufin ɗayan biyu: ko saƙon bai iso da sauri ba, ko kwamfutar ta kasa sarrafa shi.

MATAKAN BINCIKE

1. A gwada wani bidiyon a wani dandalin dabam. Idan ya tafi daidai, laifin na dandalin farko ne, sai a yi haƙuri. A kuma gwada da wayar hannu a kan layin intanet ɗin gidan. Idan waya ta nuna, kwamfuta ta ƙi, to matsalar tana cikin kwamfuta.

2. A duba sauran data. Tun shekarar 2023 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta daidaita lambobin kamfanoni duka, watau *323# ita ce ta duba data.

3. A rage kyan hoto. Bisa ma'aunin YouTube, hoto mai lamba 1080 yana bukatar megabit 5 a daƙiƙa, mai 720 yana bukatar 2.5, mai 480 kuwa 1.1 kawai. Mai sauraron wa'azi ko darasi ba ya asarar kome idan ya koma 480, ga kuma tsimin data.

4. A kashe akwatin intanet na kimanin rabin minti, sa'an nan a kunna. A ɗora shi a wuri mai tsawo kusa da taga, domin bangon siminti da ƙofar ƙarfe suna raunana shi. A gidan haya inda wayoyi da yawa suke kan akwati ɗaya, a roƙi wasu su sauka na ɗan lokaci. Da almuru kuma, lokacin da kowa ya dawo daga aiki, layi yakan yi cunkoso.

5. A rufe sauran shafukan da aka buɗe, a share tarkacen da manhajar shiga intanet ta tara, a sabunta ta, ko a gwada wata, misali Firefox a maimakon Chrome.

6. A taɓa jikin kwamfutar. Idan ta yi zafi takan rage gudu domin ta kare kanta. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, a kuma kakkaɓe ƙurar da ta toshe mata kafofin iska.

ABIN DA YA FI ƘARFIN GIDA

Yawancin saƙonnin intanet suna shigowa ƙasar nan ta manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, waɗanda suka fito a gaɓar Ikko. Ran 14 ga Maris, 2024, huɗu daga cikinsu, watau WACS da ACE da MainOne da SAT-3, suka lalace a tekun Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama. A irin wannan rana babu mai gyaran da zai iya kome. Idan maƙwabta ma suna kuka da abu ɗaya, kada a taɓa kwamfuta.

GARGAƊI

Duk shafin da ya ce sai an sauke Flash kafin bidiyo ya tafi, tarko ne. Kamfanin Adobe ya daina kula da Flash ran 31 ga Disamba, 2020. Da irin wannan saƙo ɓarayi suke cusa muguwar manhaja su sace bayanan banki.

INDA ZA A KAI ƘARA

Idan an bi matakan nan duka abin bai gyaru ba, a kira kamfanin layin a lamba 300, a rubuta lambar ƙarar da ranar da aka kai ta. In ba a sami biyan bukata ba, a kira Hukumar Sadarwa kyauta a 622. Wanda ya biya kuɗinsa yana da hakkin a yi masa aiki. Ana roƙon wanda ya karanta wannan takarda ya bayyana wa maƙwabcinsa da bai iya karatu ba.